Shawarar da na bayar a kan albashin masu tsira allura

Kusan kowane dangi yana da mutumin da ake bugo wa waya idan yaro ya kai munzalin zaɓen abin da zai karanta. A namu dangin ni ne, don na daɗe ina koyarwa, kuma ana ganin ba na rabuwa da karance-karance. Na ba da shawarwari da dama, wasu Allah ya sa musu albarka. Guda ɗaya ce har yau take hana ni sakat, ita ce wadda na ba 'yar yayata da ke zaune a Amurka, cewa ta ajiye niyyar karatun nas ta shiga makarantar akufanca, wato jinyar nan ta mutanen Sin da ake tsira wa majinyaci siraran allurai a wasu wurare na jikinsa. A kan lamba ɗaya na ɗora shawarar, lambar da na gani a intanet da sunan albashin shekara na masu wannan sana'a. Ban binciki su wa aka ƙirga aka samo ta ba, ko a waɗanne garuruwa suke, balle in tambayi wanda yake biyan su.

Iyayenta sun daɗe a New York, a unguwar Bronx inda Hausawan Ghana da na Nijar da na Najeriya suke da yawa, can ta yi wayo. Mahaifiyarta ta sha fama da ciwon baya, aka zaga asibitoci, daga baya wata maƙwabciya ta kai ta wurin wata mai tsira allura, ta ce ta ji sauƙi. Yarinyar ce take raka ta, tun daga nan abin ya shiga ranta. Da ta yi nisa a kwaleji sai ta kira ni, ta ce, "Kawu, zuciyata ta rabu biyu. Abba yana so in yi nas, ni kuma wannan aikin nake so. Me ka gani?" Na ce ta ba ni zuwa gobe. A daren na buɗe waya na nemi albashin sana'o'in biyu. Na mai tsira allura ya haura dala 70,000 a shekara, na nas ma bai yi masa wani nisa ba. Sai na yi abin da yawancinmu muke yi, na buga kuɗin da canjin naira, na ga lamba ta cika fuskar waya. Washegari na ce mata, "Ki bi abin da ranki yake so, 'yata. Kuɗin kusan ɗaya ne, ga shi ba aikin dare, ba kwanan asibiti, ke ce mai ikon kanki."

Mahaifinta bai yarda ba. Direba ne, ya san abin da ake nufi da fita nema a garin nan. Ya ce da ni karatun yana da tsada, sai an ci bashin gwamnati, kuma bashin mai ruwa ne, shi ransa bai kwanta ba ta fuskar addini da ta fuskar lissafi. Na ce masa, "Alhaji, da irin wannan albashin ai cikin 'yan shekaru za ta sauke." Yayata ta goya mini baya, ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ni ne mai ilimin gidan. Aka rinjaye shi. Ya yi shiru, yarinya ta sa hannu a takardu.

Sai bayan shekaru na zauna na karanta yadda ake samo irin wannan lamba, karatun da ya kamata in yi tun a wancan daren. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ware wa masu tsira allura rukuninsu na daban a jerin sana'o'inta na 2018. A alƙaluman da ta fitar na 2023, matsakaicin albashinsu ya kai kusan dala 78,000 a shekara. Lambar ba ƙarya ba ce, amma ga yadda ake haɗa ta: hukumar tana tambayar kamfanoni da asibitoci abin da suke biyan ma'aikatansu. Duk wanda yake zaman kansa, ba shi da ubangidan da yake biyansa, ba ya cikin lissafin. Waɗanda aka ƙirga a wannan shekarar ba su kai 10,000 ba, alhali wani bincike ya nuna cewa tun a 2018 masu lasisin wannan aiki a ƙasar sun kusa 38,000. Ke nan mafi yawan 'yan sana'ar ba a taɓa tambayar aljihunsu ba. Kamar mutum ne ya je sakatariya ya ɗauki albashin direbobin gwamnati, ya fito yana shelar cewa abin da masu adaidaita-sahu suke samu ke nan.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓuya. Idan ana biyan ma'aikaci da awa, hukumar takan ɗauki kuɗin awarsa ta ninka sau 2,080, wato kamar yana aiki awa 40 kowane mako shekara ɗungurungum. Wanda wani asibiti ya ɗauka na yini biyu a mako, a takarda sai ya fito da albashin cikakken ma'aikaci. A aikin nas wannan ba ya ɓata lissafi sosai, don mai neman cikakken aiki yakan samu. Nas-nas ɗin da aka ƙirga a 2023 sun haura miliyan 3, matsakaicin albashinsu kuwa kusan dala 86,000. Lambobin nan biyu da na ajiye gefe da gefe na ce kusan ɗaya ne, ɗaya tana magana ne a kan miliyoyin mutane masu albashi a ƙarshen wata, ɗayar kuma a kan 'yan tsirarun da suka dace da samun gurbi.

Ba ina cewa duk wanda ba a ƙirga ba yana cikin wahala ne ba. Akwai masu ɗakin jinyarsu da suka yi suna, suka ɗauki ma'aikata, suna samun abin da ya ninka wancan albashi. Amma isa wannan matsayi yana son shekaru, yana son jari, yana son mutum ya iya kasuwanci kamar yadda ya iya allura. Yarinyar da na tura ba ta da jari, bashi take da shi. Karatun digiri na biyu ne, shekara uku zuwa huɗu, kusan duk makarantun kuma masu zaman kansu ne. A 2006 gwamnatin Amurka ta buɗe wa ɗaliban irin wannan mataki ƙofar ranto duk abin da karatun zai ci, har da na haya da abinci. A lokacin da ta yi karatun, ƙofa ce mai sauƙin shiga. Ruwa yana fara hawa tun ɗalibi yana aji, kuma bashin karatu yana cikin basussukan da kotun can ba kasafai take yafewa ba ko da mutum ya karye. Ranar da ta karɓi takardar kammalawa, abin da ake bin ta ya wuce dala 100,000. Bayan nan ga jarrabawar hukumar tantance masu sana'ar, wadda aka kafa a 1982, ga kuɗin lasisin jiha, kowanne da nasa rasit.

Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba. Ni ne wata rana na kira ta ta bidiyo ina tambayar yadda kasuwa take, ina jiran in ji daɗi. Ta juya wayar ta nuna mini ɗakin da take haya a cikin wani ofis: gadon jinya guda ɗaya da farar takarda a shimfiɗe a kai, fitilar ɗumama jiki, kwalayen allurai a jere, da jan akwatin da ake jefa waɗanda aka yi amfani da su, don kowace allura sau ɗaya ake tsira ta. Tsaf-tsaf da shi, sai dai babu kowa. Ta ce wadda take jira ta aiko saƙo ta fasa zuwa. Sannan ta ɗauko littafin da take rubuta shige da fice, ta ce, "Kawu, bari in karanta maka, don na san kana son lissafi."

Tana karɓar dala 90 a kowane zama. Mako mai kyau takan ga mutum 15, mako maras kyau 6, idan aka daidaita bai wuce 10 ba. Wato wajen dala 3,600 a wata. Daga ciki hayar ɗakin tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai inshorar da take kare ta idan majinyaci ya kai ƙara, sai kuɗin manhajar da ake kama layi da ita, sai wanki, sai talla. Allurar kanta ita ce mafi araha a cikin kayan. Mai zaman kansa a Amurka shi yake biyan harajin fansho da na lafiyar tsufa gaba ɗaya, kashi 15.3 cikin 100, wanda ma'aikaci yake rabawa da kamfaninsa. Inshorar lafiyarta ita take saya wa kanta. Ranar da ta kwanta ciwo ko ta tafi Idi, ba ko sisi. Da ta zo kan layin biyan bashi sai ta ce, "Wannan kuma abin da nake iya bayarwa bai ma rufe ruwan da yake hawa ba." Ba kuka take ba, karatu kawai take yi, layi bayan layi. Ni kuwa a nawa lissafin na wancan dare, na ɗauka mutum takwas za ta riƙa gani kullum, kwana biyar a mako, kamar marasa lafiya suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran ta gama makaranta.

Da muka rabu na kasa cin abinci. Tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, me ya sa wannan sana'a take ciyar da wani a can, ta bar wani a nan da yunwa? Amsar da na samu ba ta cikin ƙwarewar hannu. Tana wurin wanda yake biyan kuɗin zaman, da kuma wanda doka ta ba izinin riƙe allurar.

A Amurka sana'ar ba ta daɗe ba. A 1971 ɗan jaridar New York Times James Reston ya kamu da ciwon afendis a Beijing, aka yi masa tiyata, aka rage masa zafin bayan aiki da allurai, ya buga labarin a jarida. A 1972 Shugaba Nixon ya ziyarci Sin, hankalin jama'a ya ƙara karkata can. Jihar Nevada ce ta fara halatta aikin a 1973. Tun daga lokacin kowace jiha take bin nata tsarin, shi ya sa samu ya bambanta matuƙa. Kalifoniya ita kaɗai tana da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lasisin ƙasar, tana da tata jarrabawar daban, kuma ta sa tsira allura cikin abubuwan da dole inshorar ɗaiɗaikun mutane ta ɗauki nauyinsu. New York da Filorida suna biye da ita a yawa. A ɗaya gefen kuma jihohi irin su Alabama da Oklahoma da Dakota ta Kudu sun shafe shekaru ba su da dokar ba da lasisin wannan sana'a ma. Lasisin wata jiha ba ya bin mutum kai tsaye zuwa wata, sai ya sake nema.

Mai kallo daga nesa zai ce to, sai a tafi inda farashi yake da tsada. Nan ma akwai tarko. A San Francisco ko tsakiyar New York ana cajin zama ɗaya sama da dala 100, amma haya tana cinye bambancin, kuma a titi ɗaya sai ka sami masu yi da yawa, wasunsu sun shekara talatin suna aiki, wasu da harshen Sin ko na Koriya suke magana da majinyatansu. A ƙaramin gari haya da sauƙi, ba abokin takara, sai dai mutanen da suka san aikin kuma suke da halin biya daga aljihu ba su da yawa. 'Yar yayata ta faɗa tsakani: hayar New York take biya, majinyatanta kuwa talakawan Bronx ne, masu aikin awa da direbobi, waɗanda dala 90 take daidai da cefanen kwanaki. Mutum zai zo sau biyu, ya ji dama-dama, ya ɗauke ƙafa, alhali ita an koya mata cewa ciwon da ya daɗe yana son zama da yawa. Ga kuma wasu da suka shigo gonar: a jihohi da dama ma'aikatan sashen gashi suna tsira irin waɗannan allurai a tsokar da ta ɗaure bayan ɗan gajeren horo, su kuma inshora ta riga ta san da zamansu.

Labarin Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ya isa misali. A Janairun 2020 aka sanar cewa shirin zai fara biyan kuɗin tsira allura ga masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, zama 12 a cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan ana samun sauƙi. 'Yan sana'ar suka yi murna. Sai dai dokar shirin ba ta lissafa su cikin waɗanda za su iya aika takardar neman biya da kansu ba, dole su yi aiki a ƙarƙashin likita ko makamancinsa, kuɗin ya bi ta hannunsa. Wanda yake zaune shi kaɗai a ɗakin haya, wannan albishir bai ƙara masa komai ba. Asibitocin tsofaffin sojoji sun buɗe gurbin ɗaukar masu tsira allura aiki a 2018, da albashi da fansho. Irin waɗannan guraben ne suke ɗaga lambar da na gani, kuma ba su da yawa.

Da na leƙa wasu ƙasashe sai abin ya ƙara fitowa fili. A Koriya ta Kudu mai tsira allura likitan gargajiya ne da ya yi shekara shida a jami'a, shiga makarantar ma sai mai ƙoƙari sosai, kuma inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan aikin tun 1987. Tsohuwa mai ciwon gwiwa takan je ta biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, inshora ta cika sauran, saboda haka ɗakin jira ba ya rabuwa da mutane. Can sana'a ce da iyaye suke alfahari ɗansu ya samu. A Sin, inda abin ya samo asali, mafi yawansu likitoci ne da suka yi digirin shekara biyar, suna aiki a asibitoci, hukuma ce take ƙayyade farashin zama, kuma farashin ba shi da yawa. Likita yakan ga marasa lafiya masu ɗimbin yawa a yini, ya karɓi albashin asibiti, wanda na Shanghai ba ɗaya yake da na ƙaramin gari a can cikin ƙasa ba. Gwamnati tana tsaye wa fannin, har ta yi masa doka ta musamman da ta fara aiki a Yulin 2017. Ba lallai mutum ya yi arziki ba, amma ba ya zaman jiran wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Jamus ta fi ba ni abin tunani. A farkon shekarun 2000 kamfanonin inshorar lafiya na can suka ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje. A kan ciwon baya an ga waɗanda aka tsira wa allura sun fi waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba samun sauƙi, amma an kuma ga cewa allurar da aka tsira sama-sama a wuraren da ba su ne aka ayyana ba, ita ma ta yi kusan irin wannan aikin. Duk da haka daga 2007 inshorar gwamnati ta fara biya, a kan ciwo biyu kawai, daɗaɗɗen ciwon ƙugu da ciwon sanyin gwiwa, kuma sai idan likitan asibiti mai ƙarin horo ne ya yi. Wanda ba likita ba, ko ya fi kowa iya allura, wannan kuɗin ba nasa ba ne. A Faransa ma doka ta taƙaita aikin ga likitoci da wasu ma'aikatan lafiya irin su ungozomomi. A Ingila kuwa ba wata dokar lasisi ta ƙasa, mafi yawa masu zaman kansu ne, kuma hukumar da take ba asibitocin gwamnati shawara ta amince da allura ga ciwon baya a 2009, ta janye a 2016, sannan a 2021 ta ce a iya gwada ta ga wani nau'in ciwon jiki mai daɗewa. Ni ba likita ba ne da zan yanke hukunci a kan amfanin allurar, kuma na ga yayata ta miƙe bayan ta daɗe a duƙe. Abin da ya shafe ni shi ne, sana'ar da masana ba su gama daidaitawa a kanta ba, abincin mai yinta yana hannun wani kwamiti da zai iya canza ra'ayi gobe. Wannan kaɗai ya isa in ce wa yarinya ta yi a hankali.

Idan na koma na duba inda na kauce, rashin fahimtar ƙididdiga shi ne ƙarami. Babba shi ne na ji daɗin an tambaye ni, na ga kamar nauyi ne in ce ban sani ba. Malamanmu sukan ba da labarin Imam Malik, yadda ake zuwa masa daga nesa da tambayoyi ya amsa da yawansu da cewa bai sani ba. Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan, amma da aka zo kaina, dare ɗaya na ba wa makomar yarinya. Shawara amana ce, kuma na riƙe ta da sakaci. Ina da hanyar da zan ce mata ta koma wurin matar da ta yi wa mahaifiyarta jinya, ta tambaye ta shekara nawa ta yi kafin ɗakinta ya fara riƙe kansa. Tafiyar bas ɗaya ce daga gidansu. Ban yi ba, don na ɗauka abin da yake rubuce da alƙaluma ya fi maganar baki ƙarfi.

Canjin naira ma ya rufe mini ido. Dala 70,000 a kunnen mai zama a Kano dukiya ce. A New York, bayan haraji da haya, rufin asiri ne kawai. Kuɗin da za a kashe a can, a can ya kamata a auna shi. Sai kuma maganar mahaifinta, wadda ita ta fi yi mini ciwo. Mutumin nan bai yi zurfin karatu ba, amma shi ne yake zaune a garin, shi ne yake biyan haya a cikinsa, shi ne ya ji tsoron bashi mai ruwa tun kafin a ci. Na danne maganarsa da takardar makaranta, a gaban matarsa da 'yarsa. Na kira shi daga baya na ce, "Alhaji, kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta ne, ba komai." Ya yafe, amma yafiyarsa ba ta rage ko dala ɗaya daga abin da ake bin 'yarsa ba.

Ita ma na nemi gafararta. Ta ce ba ta ƙin aikin, har yanzu idan tsoho ya sauko daga gado ya ce kafaɗarsa ta saki, ranta yakan yi fari. Ta saki ɗakin haya, ta koma wani wurin jinya na gama-gari, irin tsarin da aka faro a birnin Portland a farkon shekarun 2000 don masu ƙaramin ƙarfi. Babban zaure ne da kujerun kishingiɗa a jere, mutane da kayansu a jiki, a naɗe hannun riga da ƙafar wando, a tsira musu allurai a hannu da ƙafa da kunne, su yi barcinsu. Ita tana zagawa daga kujera zuwa kujera tana magana ƙasa-ƙasa, cikin awa ɗaya ta ga mutane da yawa, kowa ya biya daidai ƙarfinsa, abin da bai kai rabin farashin ɗaki ba. Ana biyan ta da awa. Bai kai albashin da na yi mata alkawari ba, amma ta san abin da zai shigo. Da yamma kuma ta koma karatun nas, wanda da tuni ta gama shi. Cikin waɗanda suka fita makaranta tare, ta ce wasu sun kafu, wasu suna haɗawa da wani aikin, wasu sun ajiye allurar gaba ɗaya. Ni kuma duk abin da na samu na ƙari ina aika mata a sa a bashin. Na san naira ba ta da nauyi a gaban dala, amma ba zan iya naɗe hannu ba.

Dalilin da ya sa na fitar da wannan magana fili shi ne yanzu yaranmu da yawa suna tafiya Sin karatu, wasu da tallafin gwamnati, wasu da kuɗin gonar da iyaye suka sayar, kuma a cikin abubuwan da ake tallata musu har da likitancin gargajiyar ƙasar. Duk wanda zai dawo gida da wannan takarda ya sani cewa a Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma mai ciwon baya a nan ya riga ya san wanzami da mai ƙaho, ya yarda da su, farashinsu ma bai fi ƙarfinsa ba. Ba na hana kowa karatun, ilimi ne, kuma mai yiwuwa wani ya buɗe hanyar da ba a taɓa bi ba. Amma iyaye da kawunnai da malamai da ake kira a nemi shawararku, kafin ku ce a tafi, ku nemo mutumin da ya shekara biyar yana wannan aiki a garin da yaron zai zauna. Ku tambaye shi mutum nawa suka zo wurinsa makon jiya, wa ya biya, nawa ya rage masa bayan haya. Idan ba ku sami wanda zai amsa muku ba, kada ku bari yaro ya sa hannu a takardar bashi.